Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: wa ya cancanci faɗa wa matashi haka?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Na kawo wannan karin magana ne domin ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, kuma ina so manya da tsarana su taya ni warware ta. Ina cikin ɗaliban da yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022 ya zaunar a gida har wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan na kammala karatu na yi hidimar ƙasa, sai na shiga zaryar neman aiki, har wata rana wani ya yi mini tayin gurbi a wata ma'aikata a kan kuɗin da ko gidanmu aka jinginar da ƙyar a haɗa su. Da na kai wa kawuna kuka, sai ya ranta mini ɗan jari na kafa rumfar cajin waya da POS a bakin layinmu, ya ce da ni, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Na gode masa, kuma har yanzu da rumfar nake cin abinci. Tambayata ita ce: wannan magana gaskiya ce da ta dace da zamaninmu, ko kuwa lallashi ne da ake yi wa wanda aka rasa yadda za a yi da shi?

Tsohon Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin mu yanke mata hukunci, ya kamata mu fara duba hoton da ke cikinta. Mutum biyu ne suka shiga daji neman itace, ɗaya da gatarinsa, ɗaya hannu rabbana. Wanda ba shi da gatari ba malalaci ba ne, domin da ƙafarsa ya zo, kuma a shirye yake ya yi gumi, amma dole ya tsaya yana kallo yana cewa, "Sari ka ba ni," wato idan ka yi naka saran ka miƙo mini gatarin ni ma in sara. Sai mai gatari ya gaji ko ya ga dama sannan zai miƙo, kuma da zarar ya huta zai ce a dawo masa da abinsa, ko da kuwa icen mai aro ya kusa faɗuwa. Guntun gatari shi ne wanda wasawa ta cinye bakinsa ko ƙotarsa ta gajarce. Saransa ba ya zurfi, amma lokacin mai shi a hannunsa yake. Don haka a fahimtata abin da karin maganar ke suka shi ne jira da aro, ba aiki a ƙarƙashin wani ba.

Mai Shago a Kwari:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma mu a kasuwa ba haka muke ɗaukarta ba. A wurinmu abin da ake cewa a bayar icen ne, ba gatarin ba: kai ka sha wahalar sara, ni kuma ka miƙo mini. Ke nan maula da zaman jiran na wani take nufi. Sai dai a kowace fassara akwai abin da nake so matasa su lura da shi. Ni shekara tara na yi ina yaron shago, ina buɗewa da safe, ina ɗaukar dila, ina bin bashi, kafin maigidana ya sallame ni da jarin da na tsaya da ƙafata. Duk tsawon shekarun nan da gatarin wani nake sara. Da a ce tun a shekarar farko na ɗauki wannan magana da zafi na ce sai nawa, da yau ina tallar yadi a kafaɗa. Shi kansa guntun gatarin ba daga sama yake faɗowa ba, wani maƙeri ne ya ƙera shi, wani kuma ya biya kuɗinsa. Kai ma, Ɗan Gwammaja, ai kawunka ne ya sara ya ba ka.

Ɗan Gwammaja:
Haka ne, Alhaji, ban taɓa kallon ta wannan fuskar ba. Amma yawancin abokan karatuna ba su da kawun da zai ranta musu ko sisi, kuma su ma ana faɗa musu wannan magana.

'Yar Tudun Wada:
Ni a bakin mahaifiyata na fara jin ta, ranar da ta sayar da akuyoyinta biyu ta haɗa da kuɗin adashi ta saya mini keken ɗinki, wata uku kafin bikina. A lokacin na ɗauka tsoron auren take cusa mini, sai da na zauna a ɗakina na gane abin da take hangowa. Mace da sai ta jira maigida ya dawo kafin ta sayi sabulu, ko ta kai gudummawar suna, ko ta saya wa yaro maganin zazzaɓi, tana cikin "sari ka ba ni" ko da mijinta mutumin kirki ne, domin shi ma wata rana zai fita ya dawo babu. Wannan ɓangaren na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ina faɗa wa ƙannena mata haka.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda wasu samari da magidanta suka mayar da ita mafaka. Yanzu saurayi zai zo zance, tambayarsa ta farko ita ce wace sana'a kike yi, ba don ya taya ki murna ba, sai don ya lissafa abin da zai sauke daga wuyansa. Na ga gidan da matar ta fara sayar da zoɓo da kunun aya, cikin 'yan watanni kuɗin cefane ya tsaya, da ta yi magana aka ce da ita ai tana da guntun gatarinta. Alhali ciyarwa da tufatarwa da matsuguni wajibi ne a kan miji a Musulunci, ko da matar ta fi shi dukiya, kuma abin da ta samu nata ne. Idan uwa ta faɗa wa 'yarta wannan karin magana, kariya ce take ba ta. Idan miji ya faɗa wa matarsa domin ya zame daga haƙƙinta, zalunci ne.

Mai Gyaran Waya a Farm Centre:
Yaya, na ji naki, kuma ba zan musa ba. Amma ki ji namu mu ma. Iyayen da ke yi mana wa'azin guntun gatari su ne kuma idan ka aika neman auren 'yarsu za su tambaya, "A ina yake aiki?" Na nemi wata yarinya shekara biyu, da magana ta je gaban manya aka fifita mini wani mai albashi, duk da cewa mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, abin da a wata mai albarka nakan samu fiye da shi a kan teburina. An ce shi nasa tabbatacce ne, ni kuwa nawa yau samu gobe rashi. Idan har al'umma ta yarda da wannan karin magana, to ta nuna hakan ranar tambayar aure.

Ɗan Kakuri:
Ni damuwata ita ce ranar da wannan magana ta fito daga bakin mai mulki. Na tashi a unguwar da masaƙu suka raya. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, sauran ma suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, kuma iyayenmu da suka yi aiki a cikinsu ba 'yan maula ba ne, ma'aikata ne masu riƙe da gidaje. Da aikin ya tafi, 'ya'yansu suka koma acaɓa da faci da tura baro. A Kano an hana acaɓa a Janairun 2013 saboda matsalar tsaro, wanda ya sa dubban masu guntun gatari suka wayi gari babu dajin da za su sara. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Mai aski da mai walda da mai cajin waya irin Ɗan Gwammaja duk da janareta suke aiki, domin wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. To idan wanda ke da alhakin samar da wuta da tsaro da hanya ya hau mumbari ya ce matasa su daina jiran gwamnati su kama sana'a, ni ba na jin hikima a ciki, ina jin mutum ne yake sauke nauyin da ya roƙi a ɗora masa.

Duk da haka, akwai inda karin maganar ta kama mu matasa dumu-dumu, kuma a siyasar ne. Shirin N-Power na gwamnatin tarayya, na ɗaukar matasa aikin wucin gadi, da aka fara a 2016 ya riƙa biyan naira 30,000 a wata, ya taimaki mutane da yawa, amma da aka sallami rukunan farko a 2020, wanda bai tara komai ba ya koma inda ya fito, domin gatarin aro ne, mai shi ya karɓe. An sa hannu a dokar rage shekarun takara a 2018, ɗan shekara 25 ya samu damar neman kujerar majalisar wakilai, amma a 2022 fom ɗin wannan kujera a jam'iyyar APC naira miliyan 10 ne, ko da yake an yi wa matasa rangwame. Saboda haka mafi yawanmu muka ƙare a ƙofar gidan masu takara, wasu sojojin baka a rediyo, wasu masu kare ubangida a Facebook, ana jiran a sara a miƙo. Ƙuri'ar da ke hannunmu ita ce guntun gatarin da babu wanda ya ara mana, ita ma sai mu ba da ita a kan taliya da atamfa.

Tsohon Malamin Hausa:
Alhaji mai shago, na karɓi fassararku ta kasuwa, domin lafazin yana ɗaukar duka biyun, kuma ba a faɗi abin da za a bayar ba. Abin da 'yata ta Tudun Wada da ɗana na Kakuri suka kawo shi ne ya fi jan hankalina. Ita karin magana ba ta zama ita kaɗai, kowace tana da kishiya. Bahaushen da ya ce guntun gatarinka ya fi, kuma kayan aro ba ya rufe katara, shi ne dai ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yadda na ji dattawa suna amfani da wannan, mutum yakan faɗa wa kansa ita domin ya ƙarfafa zuciyarsa, ko ya faɗa wa wanda yake ƙauna a daidai lokacin da yake miƙa masa abin yi, kamar yadda kawun Ɗan Gwammaja da mahaifiyar 'Yar Tudun Wada suka yi. Ban taɓa jin dattijon arziki ya faɗa wa wanda yake bin sa haƙƙi ita ba. Ma'aikacin da ke koyarwa ko jinya ana biyansa ladan guminsa ba ya cikin masu "sari ka ba ni", domin iliminsa shi ne gatarinsa. Don haka, ɗana, kada ka ɗauka riƙe rumfa yana nufin ka jefar da takardunka.

Ɗan Gwammaja:
Na gode, Malam, na gode 'yan'uwa. Ban jefar ba, duk inda aka buɗe ɗaukar aiki ina cikewa, sai dai na daina rufe rumfa domin in je in zauna a ƙofar ofishin wani tun safe har azahar. Na kusa gama biyan kawuna bashinsa, kuma ina tunanin ɗauko wani abokin karatuna da ba shi da kowa ya riƙa zama mini da yamma. Alhaji mai shago, a nan nake neman shawararka: a al'adarku ta Kwari, ana yanka wa yaro adadin shekarun da zai yi kafin a sallame shi tun daga farko, ko kuwa ana bari sai maigida ya ga ya isa? Ina so mu rubuta komai a gaban shaidu kafin ya fara, domin kada in ajiye shi yana jirana kamar yadda na jira wasu.