Takardun kisan Kennedy: shafe layi da baƙi kare mutane ne ko rufa wa hukuma asiri?

Abban Sadik: Salamu alaikum jama'a. Ni dai matsayina ɗaya ne, duk gwamnatin da ta ce ta saki takarda amma ta bi layi layi ta shafe da baƙi to wallahi bata saki komai ba, kwano ta miƙo maka babu tuwo. Ku dubi takardun kisan shugaba Kennedy. An harbe shi a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963, majalisar Amurka ta yi doka a 1992 cewa cikin shekara 25 a fitar da komai, wa'adi ya cika Oktoba 2017 Trump ya ɗage saboda hukumar leƙen asiri ta CIA da hukumar binciken laifuka ta FBI sun roƙa, Biden ya zo shi ma ya ɗage, sai Maris 2025 aka saki dubun dubatar shafuka ba shafewa. Shekara 61, wa ake karewa? A saki komai kawai, ko harafi ɗaya kar a taɓa.

Maman Iman: Wa alaikumus salam Yaya. Amma ka manta abin da ya faru a wannan sakin na 18 ga Maris ɗin da kake yabo. Garin sauri an fitar da lambobin shaida na ɗaruruwan mutane, irin lambar nan da Ba'amurke ke karɓar fansho da ita ya buɗe asusun banki ya ci bashi, kuma da yawansu suna raye, tsofaffin ma'aikatan kwamitocin majalisa ne da suka yi bincike a shekarun 1970. Har Joseph diGenova da ya taɓa yi wa kamfen ɗin Trump lauya tasa ta fita. Dole gwamnati ta ce za a sauya musu sababbi. Meye laifin waɗannan bayin Allah? Da an shafe wannan layin kaɗai me tarihi zai rasa?

Abban Sadik: Wannan sakacin ma'aikata ne ƙanwata, ba hujja bane.

Maman Iman: Ai ba sakaci bane, umarni ne aka bi. An ce kar a shafe komai, suka ƙi shafe komai. Abin da kake kira a yi kenan fa.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ku bari in shigo. Maman Iman kin yi gaskiya akan lambobin, ba wanda zai musa, amma kar mu bari wannan ya rufe mana ido. Akwai wata takarda da Arthur Schlesinger, mai ba Kennedy shawara, ya rubuta masa a 1961 bayan kunyar da aka sha a Kuba garin yunƙurin kifar da gwamnatin Fidel Castro, shekara da shekaru wani sashe nata a shafe yake. Da aka buɗe me aka gani? Cewa kashi 47 cikin 100 na jami'an siyasa a ofisoshin jakadancin Amurka 'yan CIA ne sanye da rigar diflomasiyya. Babu sunan ɗan leƙen asiri da za a je a kashe, babu lambar bankin kowa, lissafi ne kawai da yake nuna hukumar ta mamaye aikin da ba nata ba. To wannan tsaron ƙasa aka kare ko mutuncin ofis? Sama da shekara 60 fa.

Ɗan Autan Gida: Malam da girmamawa, amma me aka gano sabo akan wanda ya yi kisan? Har yau babu takardar da ta rushe maganar kwamitin Warren, wanda gwamnati ta kafa ya binciki kisan, da ya ce a 1964 Lee Harvey Oswald ne ya harba. Kusan kashi 99 na tarin takardun tun da daɗewa a buɗe suke, miliyoyin shafuka. Mutane sun ɗauka cikin baƙin nan akwai sunan wanda ya ba da umarni, aka buɗe babu. Kenan shafewar bata ɓoye komai mai nauyi ba.

Malam Na Bakin Kasuwa: Auta, ai nan ne ɓarnar take. Tunda babu komai me ya sa aka riƙe? Riƙewar ce ta haifi zargin. Wani mutum mai suna Jack Ruby ya bindige Oswald kwana biyu bayan kisan tun kafin a kai shi kotu, mutane na cikin ruɗani, sannan ka zo ka nuna musu takarda rabinta baƙi, me kake so su yi tunani. Kuma ba gaskiya bane cewa ba abu mai nauyi. Ka san George Joannides? Jami'in CIA ne da yake kula da wata ƙungiyar ɗaliban Kuba masu adawa da Castro a 1963, ƙungiyar da 'yan cikinta suka yi arangama da Oswald a New Orleans wata uku kafin kisan. A 1978 shi wannan mutumin hukumar ta turo ya zama mahaɗa tsakaninta da kwamitin majalisa mai sake binciken kisan, bai faɗa musu rawar da ya taka ba. Sai Yuli 2025 fayil ɗinsa ya fito da sunan bogin da yake amfani da shi. Wannan bai nuna CIA ta yi kisan ba, kar a ce na ce, amma ya nuna an yaudari masu bincike.

Hajiya Babba: Ni abin da ke damuna daban ne. Oswald ya je birnin Meziko ƙarshen Satumba 1963 ya shiga ofishin jakadancin Kuba da na Tarayyar Sobiyet, CIA na sauraron wayoyin ofisoshin nan. Akwai 'yan ƙasar da suka taimaka musu, wasu ƙila an yi musu alkawarin ba za a taɓa faɗin sunansu ba. Ko mutum ya rasu ai ya bar 'ya'ya da jikoki a garin da za a nuna su da yatsa. Alkawari ai kaya ne ɗana, baya ruɓewa don shekaru sun ja.

Abban Sadik: Hajiya na ji wannan, kuma ya taɓa ni. To na sassauta, lambar shaida da sunan irin waɗannan mutanen a rufe. Amma wa zai riƙe alƙalamin? Matsalata kenan. Hukumar da ake zargi ita ce ke cewa wannan layin haɗari ne, ba a ba kura ajiyar nama.

Maman Iman: Ai dokar 1992 ta yi tanadin haka Yaya, an kafa kwamiti mai zaman kansa na mutum 5, alƙali da masana tarihi da adana takardu, suka yi aiki daga 1994 zuwa 1998 suna da ikon ƙin yarda da shafewar hukuma, kuma sun tilasta an buɗe abubuwa da yawa.

Malam Na Bakin Kasuwa: Haka ne, amma da kwamitin ya rufe a 1998 wa ya gaje shi? Daga nan magana ta koma hukuma ta roƙa shugaban ƙasa ya sa hannu, shi ya sa aka samu ɗagewar 2017 da 2018 da 2021.

Ɗan Autan Gida: Ni har yanzu ban yarda Joannides ya kai girman da kuke ba shi ba Malam. Ƙarya ga kwamiti daban, hannu a kisa daban.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ai na faɗa da bakina daban ne. Tambayata ita ce da kwamitin 1978 ya san ko wanene ke zaune gabansu, da sun sa shi a kujerar shaida sun rantsar da shi. Ya mutu a 1990, ba wanda ya yi masa tambayar.