Motar lantarki a hanyar Ngaundare, Garwa da Marwa a arewacin Kamaru: a ina ake caji, kuma awa nawa yake ɗauka?

Ɗan Kasuwa daga Garwa:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar masana wuta da direbobin da suka san hanya. Harkata ta yadi ce, kuma tana kai ni Marwa a kai a kai, wani lokaci kuma Ngaundare idan kaya sun iso ta jirgin ƙasa. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a 2023, man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga daga Najeriya, da muka saba saye a gefen titi ya daina arha, kuɗin mai kuma ya fara cin ribar tafiya. Wani dillali ya nuna mini hoton motar lantarki 'yar Sin wadda aka ɗan yi amfani da ita, ya ce batirinta kilowat-awa 60 ne, tana cin kilomita 500 da caji ɗaya, kuma a rabin awa take cika. Maganar ta shiga raina, amma ba na son in zuba jarina a motar da za ta mace mini tsakanin Figil da Muturwa. Shin akwai wuraren cajin gaggawa a wannan hanya? Idan babu, awa nawa mota irin wannan take buƙata a wutar gida? Kuma wannan rabin awa da aka ce, gaskiya ne ko daɗin bakin ciniki ne?

Mai Aikin Wuta daga Marwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Rabin awa ba ƙarya ba ne, sai dai yana da sharuɗɗan da dillalin bai faɗa maka ba. Caji iri biyu ne. Akwai wanda ake yi da wutar layi irin ta gida, wato AC, inda wata na'ura da ke cikin motar take juya wutar kafin ta shiga batir, kuma wannan na'ura a yawancin motoci ba ta wuce kilowat 7 ko 11 ba. Akwai kuma cajin gaggawa, wato DC, inda babbar na'ura da aka kafa a tasha take juya wutar da kanta ta zuba kai tsaye a batir, da ƙarfin kilowat 50, ko 150, har zuwa 350. Rabin awar nan na nau'i na biyu ne kaɗai.

Ga lissafin a kan batirin da ka ambata. Daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin ɗari, kilowat-awa 42 ake buƙata. A soket ɗin gida, wanda yake ba da kilowat 2 da ɗan wani abu, hakan zai ci awa 18 ko fiye. Idan ka kafa akwatin caji mai kilowat 7 a gida, awa 6 zuwa 7 ne, wato kwana ɗaya na dare ya isa. A na'ura mai kilowat 50 za ka zauna kusan awa guda, a mai 150 kuma wajen rabin awa, idan motar tana iya karɓar wannan ƙarfi. Lambar da aka rubuta a jikin na'ura iyakar abin da za ta iya bayarwa ce kawai, domin motar ce take yanke abin da za ta sha, kuma tana ragewa sosai da zarar batir ya haura kashi 80, kamar yadda mai zuwa-zuwa yake sassauta hannu idan mai ya kusa wuyan kwalba. Shi ya sa kashi 20 na ƙarshe yakan ci lokaci kusan daidai da wanda aka ɓata a kan sauran.

Zafi ma yana da nasa hukunci. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa suke haura digiri 40, motar da ta yi gudun awa uku takan iso da batir mai zafi, sai kwamfutarta ta rage saurin caji don kada ya lalace. Motocin da ake sanyaya batirinsu da ruwa sun fi jurewa. Tsohuwar Nissan Leaf, wadda ake yawan samu da arha, ba ta da irin wannan sanyayawa, kuma an san ta da ja da baya idan aka yi mata cajin gaggawa a jere.

Abin da ya fi damuna shi ne wutar da za ta ciyar da na'urar. Na'ura ɗaya mai kilowat 150 tana son wuta mai layi uku da taransifoma tata ta kanta, alhali ƙauyuka da yawa a kan hanya layi ɗaya aka ja musu, da ƙaramar taransifoma a kan turke wadda aka auna ta don fitilu da firji da injin niƙa. Arewacin ƙasar nan kuma tun 1982 ya dogara ne a kan madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai megawat 72, wadda ƙarfinta yake raguwa idan ruwa ya ja. Tashoshin sola na Marwa da Gidar da aka buɗe a 2023 sun ƙaro kimanin megawat 30 a lokacin, sun kuma rage ɗaukewar wuta, amma ba su canza wayoyin da ke tsakanin garuruwa ba. Don haka shawarata ita ce ka gina lissafinka a kan cajin dare a gidanka da kuma masaukinka, ba a kan tashar gefen hanya ba.

Direban Hanyar Kuseri:

Alhaji, ni mai tuƙi ne, ba masanin wuta ba, amma hanyar nan na san ta. A gidajen man da muke tsayawa daga Ngaundare har gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kuseri da Njamena, ban ga na'urar cajin mota ba. Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai, Garwa zuwa Ngaundare kusan 280, Marwa zuwa Kuseri kuma wajen 260. Kada ka yarda da kilomita 500 ɗin nan. Ma'aunin da ake gwada motoci da shi a Sin yana da sassauci, ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki, ba a kuma loda bandir ɗin yadi a bayan mota. Da kaya da sanyi da gudun babban titi, ka sa ran kilomita 300, idan batirin ya tsufa kuma ƙasa da haka.

Marwa za ka isa da sauran caji, in sha Allahu. Ngaundare ce abin dubawa, domin bayan Mbe akwai hawan dutsen nan, kuma hawan yana zuwa ne a ƙarshen tafiya, daidai lokacin da batir ya yi ƙasa. Hanyar Kuseri kuwa ban ba ka shawara ba ko kaɗan. Wanda mai ya ƙare masa a Waza ko Dabanga zai sayi galan a gefen titi ya wuce, amma mai motar lantarki sai dai a jawo shi, kuma kowa ya san wannan yanki ba wurin da ake son magariba ta riski mutum ba ne.

Malamar Kimiyya daga Njamena:

Ina gaishe ku duka. Na yarda da lissafin Malam na Marwa, amma ban yarda cewa raunin layin wuta ya rufe ƙofa ba. Akwai tashoshin caji da ake haɗa su da babban batir a wurin: batirin yana shan wuta sannu a hankali daga farantan sola ko daga ƙaramin layi duk yini, idan mota ta zo kuma ya juye mata da ƙarfi. Farantai 100 masu wat 500 suna ba da kilowat 50 da tsakar rana, wanda a ranarmu ta Sahel zai iya cika motoci biyar ko shida a yini, muddin ana share ƙurar hunturu daga kansu. Tasha guda irin wannan a Figil, wata kuma a Mbe, za su sauya lissafin hanyar gaba ɗaya. Tarayyar Turai a 2023 ta kafa dokar a samar da wurin cajin gaggawa a kowane kilomita 60 a manyan hanyoyinta, Habasha kuma a 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal. A duka biyun hukuma ce ta fara motsawa, domin ɗan kasuwa ba zai kafa na'ura mai tsada a inda babu motoci ba, mai mota kuma ba zai saya ba alhali babu na'ura.

Yaya direba, game da dutsen, Ngaundare ta fi Garwa tudu da kimanin mita 900, kuma ɗaga mota mai nauyin tan biyu zuwa wannan tsayi yana cin kilowat-awa 5 ko kusa da haka, wato tafiyar kilomita 25 zuwa 30. A dawowa motar tana mayar da wani kaso na wannan wuta cikin batir ta hanyar birki.

Alhaji, ka kuma duba bakin cajin motar. Wadda aka ƙera don kasuwar Sin tana da baki mai suna GB/T, ta Turai CCS2, tsofaffin na Japan kuma CHAdeMO, kuma ba sa shiga juna sai da mahaɗi mai tsada.

Ɗan Kasuwa daga Garwa:

Allah ya saka muku da alheri. Na fahimci cewa motar za ta iya yi mini zirga-zirgar cikin Garwa da tafiyar Marwa idan zan kwana can, Ngaundare kuma sai dai in ci gaba da hawa motar haya. Malam na Marwa, gidan ƙanena da nake sauka yana Domayo, mitarsa kuma ƙarama ce. Me ake buƙata kafin a kafa akwatin kilowat 7?

Mai Aikin Wuta daga Marwa:

Alhaji, kilowat 7 yana jan amfiya 32, don haka sai an nemi ƙarin ƙarfin mita daga kamfanin wuta, a ja waya mai kauri, aƙalla mai lamba 6, kai tsaye daga mita zuwa inda motar za ta tsaya, da makatsin wuta nata daban. Dole ne kuma a binne sandar ƙasa mai kyau, wato ƙarfen da yake kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, domin motoci da yawa ba sa karɓar caji idan babu ita, kuma da rani ƙasar Marwa takan bushe har sandar ta daina aiki sosai sai an zurfafa ta. A sa na'urar kariya daga hawa da saukar wuta, a yi wa wurin rumfa. Kafin ka biya dillalin, ka sa ya aiko maka da hoton bakin caji da takardar gwajin lafiyar batir, idan kuma lafiyar ta gaza kashi 85 cikin ɗari, ka sake lissafin tafiyar Marwa da abin da ya rage.