Tambaya kan jiragen yaƙi da suka riƙa ratsa Kano zamanin yaƙin Hitila

Ɗan Ajingi:
Salam jama'a. Dan Allah masu tarihi a taimaka min. Kakana Allah ya jiƙansa ya sha faɗa mana suna yara suna tsaron gero daga tsuntsaye sai su ji ruri daga yamma, ƙananan jirage wajen biyar ko shida su wuce su yi gabas, wani babba na gaba kamar kaza da 'ya'yanta, su kuwa su watsar da gwangwanin kora su faɗa cikin karan dawa. Wai wane irin jirage ne, ina za su?

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan tsoho. Bisa alama Hawker Hurricane ya gani, na sojan saman Ingila. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940 tekun Bahar Rum ya yi haɗari, sai Turawa suka koma kawo jiragen a akwatuna zuwa Takoradi ta Ghana, a haɗa su can, su tashi Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Masar, kusan kwana shida. Babban da ke gaba Blenheim ne mai inji biyu, shi ke ɗauke da mai duba hanya, don ƙananan mutum ɗaya ne tal a ciki, in ya ɓace a sahara shi ke nan. Ku kuma Ajingi kan hanyar Maiduguri kuke ai.

Bakanike Ringim:
Malam ka kyauta. Ni ƙirarsa ce ke burge ni wallahi. Sydney Camm ya zana shi, ya fara tashi ran 6 ga Nuwamba 1935, lokacin galibin jiragen yaƙi fiffike biyu gare su sama da ƙasa an ɗaure da waya, shi kuwa fiffike ɗaya, tayoyinsa na naɗewa ciki, inji Rolls-Royce Merlin, bindiga takwas a fiffike, gudu ya haura mil 300 a awa. Amma fa bayan jikinsa bututun ƙarfe ne da katako aka lulluɓe da yadi, yadi dai na gaske, harsashi ya huda ya fice a ɗinke a shafa magani ya koma aiki, kamar facin taya. Na ƙasashen zafi ma har wata matatar iska aka ƙara masa ƙarƙashin hanci saboda ƙura, duk wanda ya taɓa buɗe kafireton babur da hunturu ya san dalili.

Yaro Mai Waya:
To ba Spitfire ne ya ci yaƙin ba? shi nake gani a bidiyo kullum

Bakanike Ringim:
Ƙanena, Spitfire shi ma jirgin yaƙin Ingila ne, ya fi gudu ya fi kyau, shi ya sa ya kwashe suna. Amma a gumurzun sararin Ingila na 1940 Hurricane ya fi yawa kuma shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus. Sama da 14,000 aka ƙera, Rasha kaɗai an ba ta kusan 3,000.

Ɗan Ajingi:
Ikon Allah, ashe Masar suka nufa, mu kuwa muna ta yi wa tsoho dariya wai shirwa ya gani. Na gode Malam, na gode Oga. Bari in tura wa kawuna, tare muke musun.