Wai babur mai ƙafa huɗu mai bel ba ya daɗewa a hannun mai shi?

Mai Garke: Salamu alaikum jama'a. Jiya ƙanena ya zo neman shawara, yana so ya sayi babur mai ƙafa huɗu, wato ATV, don zagayen gona da jan 'yar tirela. Magana ɗaya na gaya masa: in kana son wanda zai kai ka shekara ashirin, ka nemi mai giya, ka yi nesa da mai bel, wato wanda bel ɗin roba ke kai ƙarfin injinsa zuwa giya. Nawa mai giya ne, ƙirar 1999, iska ke sanyaya shi, kafireto gare shi, babu wata kwamfuta a jikinsa. Har yau ba a taɓa buɗe cikin injinsa ba. Maƙwabcina kuwa a wannan tsakanin ya sauya masu bel har biyu. Ni dai a nan na tsaya: mai bel na shekara biyar zuwa bakwai ne, daga nan sai zaryar gareji. Mai ja, bismillah.

Hajiya Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Alhaji, ina da ja. Nawa mai bel ne, bana shekararsa goma sha ɗaya a hannuna, mita ta nuna awa 2,300. Sau biyu kacal aka sa masa sabon bel. Na farkon ma ni na kashe shi da hannuna: na labta wa tirela taki, na bar giya a H, wato babbar giya, na tasar wa hawa ina danna totur a hankali. Sai ƙaurin roba ya bugi hancina, babur yana ta kuka amma ba ya gaba. Da aka buɗe murfin, gefen bel ɗin ya yi santsi kamar an goge shi da dutsen guga, wuri ɗaya kuma ya cinye ya yi siriri. Tun daga ranar, in da kaya ko hawa, L nake sawa, wato ƙaramar giya. Na biyun bai tsinke ba, lokacinsa ne ya yi na sa aka cire.

Mai Garke: Hajiya, ai kin kawo mini hujja ne ba ki sani ba. Kuskure ɗaya, bel ya tafi. Ni na yi wa nawa abin da ya fi wannan, bai ce uffan ba.

Tsohon Bakanike: Ku bari in sa baki, don dukkan nau'in biyu sun sha kwanciya a gabana. Da farko Alhaji, ba a auna tsufan wannan abu da shekara. Da awa ake aunawa, kamar tarakta da janareta. Wani yana da shekara ashirin bai cika awa 800 ba, wani a shekara uku ya haura 3,000. To wanne ne tsoho a cikinsu?

Sannan maganar bel. Faranti biyu ne masu buɗewa da tsukewa, ɗaya a jikin injin, ɗaya a jikin giya, bel yana gudana a tsakaninsu yana hawa yana sauka. An yi shi ne don ya ƙare, kamar fatar birki. Ƙarewarsa ba mutuwar babur ba ce, aikin awa ɗaya ne. Kuma masu bel ɗin ma ba uwarsu ɗaya ba. A tsarin da aka fi sani, bel ɗin ne da kansa ke aikin kuloci, wato in ka tsaya yana sake, in ka danna totur farantin ya damƙe shi, a wannan damƙar ce yake ƙonewa in kaya ya yi nauyi. Yamaha kuwa a tsarinta na Ultramatic ta sa wani kuloci daban a gaban bel ɗin, saboda haka kullum yana ɗaure, shi kulocin ke shan wahalar tashi. Honda ce ta ƙi bel gaba ɗaya a baburanta na aiki, ta tsaya a kan giya. Amma abin da na fi gani yana kashe inji, mai bel ko mai giya, abu biyu ne: ƙura da ruwa.

Ɗan Tsere: Baba Mai Garke, da girmamawa, akwai abin da ba ka lissafa ba. Tsofaffin da kake gani suna yawo yau, su ne waɗanda suka tsira. Sa'o'insu da suka mutu tuni an sayar da su a matsayin ƙarfe, ba wanda ke ba da labarinsu. In ka ga tsoho ɗan shekara casa'in yana noma, ba za ka ce duk 'yan zamaninsa haka suke ba.

Na biyu, dubi ƙarfin injin. FourTrax 300 da kowa ke rantsuwa da shi, wanda Honda ta ƙera daga 1988 zuwa 2000, injinsa cc 282 ne, ƙarfin doki wajen 20. Manyan na yanzu masu silinda biyu, irin Can-Am Outlander 1000, sun haura doki 80. Injin doki 20 ko ya so ba shi da ƙarfin da zai karya aksul ɗinsa. Ka ba yaro irina doki 80 da manyan tayoyin taɓo, ka ga abin da zai rage bayan damina biyu. Ba bel ne mai laifi ba, mu ne.

Mai Garke: Yaro, ka yi magana, amma ka dawo gidana. Abin da nake faɗa ke nan: abin da bai da yawa ba ya lalacewa da yawa. Mu ƙirga. Nawa ƙafar baya sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya. Aksul masu gwiwa biyu ne kawai a gaba, robar gwiwa huɗu ke nan. Tunda Polaris ta fito da Sportsman a 1996 mai ƙafafun baya kowace da nata motsin, aka bi yayi, yanzu aksul huɗu ne, roba takwas, ga bushin birjik. Ƙaya ɗaya ta huda roba ɗaya, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga, bayan sati biyu ka ji ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana. Ƙara lagireto da fanka da famfon mai na lantarki da wayoyi kamar saƙar gizo. Kowanne cikinsu ƙofa ce ta ciwo.

Hajiya Mai Lambu: Alhaji ka ƙirga robobi, ka manta da ƙashin bayan mai babur. Na hau irin naka mai sanda ɗaya, wuni guda a kan kunyoyi, kwana biyu ina jinyar ƙugu. Ni a shekaruna, babur ɗin da zan iya hawa kullum shi ne abin dogarona. Tunda aka fara sa sitiyarin lantarki a Grizzly 700 na Yamaha a 2007, mata da dattawa da yawa suka samu sauƙin kafaɗa. In kuɗin wannan sauƙin shi ne in duƙa kowane sati in leƙa roba takwas maimakon huɗu, na yarda.

Tsohon Bakanike: Nan kam Alhaji yana da gaskiya, ba zan ɓoye ba. Mai sauƙin ƙira ya fi yafe wa mai sakaci. Amma kafireton da kake yabo, shi ne abincinmu mu bakanikai. A ajiye babur wata huɗu da fetur a ciki, fetur ya bushe ya bar danƙo, ƙaramin jet ɗin da ramin sa bai kai tsinin allura ba ya toshe, sai ka ga babur ba ya tsayawa sai da cok. Fetur mai haɗin etanol ya fi muni, don yana jan danshi. Mai nozul na lantarki, wato marar kafireto, ya fi jure zama, kuma shi ke daidaita kansa in an hau tudu mai tsawo ko sanyi ya sauko. Bambancin kawai, kafireto in ya toshe kai ma za ka kwance shi a kan tabarma da sukuddireba. Famfon mai na lantarki in ya mutu a daji, sai igiya.

Sabon Shiga: Iyayena, ni ɗan kallo ne, amma muhawarar ta zo mini daidai. Gobe zan je duba wani na hannu. Mai shi ya ce awa 400 kacal, shekara uku yana ajiye a rumfa ba a taɓa shi ba. Ai wannan kamar sabo ne ko?

Ɗan Tsere: Shekara uku a ajiye? Ka tafi da batir, kuma ka shirya gaisawa da ɓeraye a gidan iyakilina, wato matatar iskar inji.

Tsohon Bakanike: Ɗana, kar awa 400 ta ruɗe ka, mita ana canza ta. Ka ce kar ya tayar da shi kafin ka iso, ka taɓa kan injin ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Shuɗin hayaƙi a tashin farko da bai ɗauke ba, baƙin mai yake sha. Daga nan ka ɗaga kujera ka buɗe gidan iyakilina, ka cire soson, ka zura yatsa cikin bututun da ke bayan soson, ɓangaren da ke shiga inji. Ya kamata yatsanka ya fito fes. In ka ji gari-gari, wannan injin ya daɗe yana haɗiyar ƙura, ta ci zobe ta ci bawul, ko da yau yana tashi bugu ɗaya. Soson nan ana wanke shi ne a shafa masa mai, man ne ke kama ƙurar. Da yawa suna wankewa su mayar da shi a bushe suna ganin sun yi tsafta.

Sai ka kwance noti ka ɗiga man giyar gaba da ta baya a kan farar takarda. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, wato ana tsunduma shi a rafi. Ka ɗaga kowace ƙafa ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, in tana lilo boris ya tafi. Ka kwanta ka leƙa ƙarƙashin firam, walda ko lanƙwasa ba sa ɓoyuwa. Na ƙarshe, ka tambaye shi wane baƙin mai yake zubawa. In injin mai kuloci ne da ke wanka cikin mai, kuma ya ce man mota yake sawa, to kulocin na iya zamewa. Irin wannan yana son mai da aka rubuta JASO MA a jikin galan.

Hajiya Mai Lambu: Ƙara masa da iskar taya, Baba. Waɗannan tayoyin ba sa son iska da yawa, galibi tsakanin 3 zuwa 7 ne a ma'aunin psi. Na ga wanda ya kai nasa aka bunƙa masa iska kamar ta mota, babur ya riƙa tsalle kamar ƙwallo.

Ɗan Tsere: Akwai kuma abin da duk ba mu taɓo ba, kayan gyara. Babur ɗin da ba ka samun robarsa da borisansa, ko na zinariya ne ya mutu. Rabin sirrin waɗancan tsofaffin na Japan shi ne an ƙera su da yawa, shekaru da yawa ba a canza fasali ba, don haka kayansu ko'ina akwai. Kuma kasuwa tana juyawa. A Ostareliya, saboda dokar dole a sa ƙarfen kariya daga kifewa, wadda ta fara aiki a Oktoban 2021, Honda da Yamaha da Polaris sun daina sayar da baburan aiki masu ƙafa huɗu a can. A Amurka ma haka aka yi da masu ƙafa uku a 1988, aka daina sayar da sababbi saboda yawan haɗari. Kafin ka tambayi ko mai bel ne, tambayi wa zai sayar maka da aksul bayan shekara goma.

Mai Garke: To shi ya sa na ce ƙanena ya bi tsohuwar hanya.

Tsohon Bakanike: Alhaji, tsakaninka da Allah, awa nawa ke kan naka?

Mai Garke: Ba shi da mitar awa.

Hajiya Mai Lambu: Yauwa!

Mai Garke: Ki bar yauwa tukuna. Ban ce kullum nake hawa ba, da rani ya fi zama a rumfa, amma kafin in ajiye sai na rufe fetur na bar shi ya shanye na cikin kafireto, na cire batir. Juyen mai ba ya wuce ni, soso kuwa duk ranar da na sha ƙura a ranar nake wanke shi. Kuma ban ce ban taɓa kashe masa ko sisi ba. Birkin baya na ganga ne, ruwa kan shiga ya ci fatar, na sauya ya fi sau biyar. Boris kam na daina ƙirgawa. Cikin inji ne na ce ba a buɗe ba.

Ɗan Tsere: Baba, ashe kai ne mai ƙarko, ba babur ɗin ba. Shi maƙwabcin naka da ya kashe biyu, yana yin ko rabin wannan?

Mai Garke: Shi kam yaransa ke hawa, kuma rafi ne hanyarsu. Na yarda da wannan. Amma ban janye ba. A ba yaran nan irin nawa da irin na Hajiya rana ɗaya, ku zo mu ga wanda zai fara kwanciya.

Tsohon Bakanike: Na Hajiya zai fara tsayawa, don ruwa na shiga gidan bel zai zame, a buɗe notin ƙasa a tsiyaye ya bushe a ci gaba. Naka zai wuce kamar ba komai, da ruwa a cikin man giyar baya, sai bayan wata shida ya zo wurina.

Sabon Shiga: Salamu alaikum, na je na dawo. Ya tashi bugu biyu, fenti lafiya lau, tayoyi da sauransu. Na zura yatsa kamar yadda Baba Bakanike ya ce, ya fito ja wur da ƙura. Man giyar baya kuma fari fat, har da ɗigon ruwa a kan takardar. Mai shi ya ce ai ba komai, juye ɗaya zai gyara. Na yi masa godiya na taho.

Mai Garke: Ka kyauta wa kanka. Mai bel ne ko?

Sabon Shiga: Mai giya ne, Baba.