Ɗana mai galahanga ba ya barci: wa ya taɓa gwada ganin likita ta bidiyo?

Maman Sadiq, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 14, yana da galahanga, wato otizim. Dama can barcinsa ba mai nauyi ba ne, amma tun da ya fara balaga abin ya ta'azzara. Har ƙarfe 3 na dare yana safa da marwa tsakanin ɗaki da falo, yana maimaita tallan da ya gani a talabijin. Da safe kuwa ko ganga za a kaɗa a kansa ba zai motsa ba, makaranta ta gagara. An ce min akwai masu duba matsalar barci ta waya. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa min gaskiya kafin in zuba kuɗi.

Maman Ummi, Ingila: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sauwaƙe. Mun yi da Ummi, shekararta 16, zama shida. CBT-I ake kiran tsarin, babu ƙwaya a ciki, gyaran ɗabi'ar barci ne. Mako biyu na farko har haushi na ji, don ba a yi komai ba sai cike takarda: yaushe ta kwanta, yaushe barci ya ɗauke ta, sau nawa ta farka. Da muka duba sai kunya ta kama ni. Ina kora ta gado ƙarfe 9, ita kuwa sai 1 take barci. Awa huɗu tana kwance ido biyu! Likitar ta ce agogon jikin matasa dama yakan ja baya idan sun balaga, kuma doguwar kwanciya babu barci tana koya wa ƙwaƙwalwa cewa gado wurin zullumi ne.

Sai ta ce a bar ta sai 12 da rabi, amma ta tashi ƙarfe 7 kullum, har Asabar da Lahadi. Idan barcin ya daidaita, a riƙa dawo da kwanciyar baya da minti 15. Makon farko mun sha wuya wallahi, kuka da jifa da filo. Yanzu 11 take barci.

Amma abin da bidiyon ya yi mana shi ne wannan. Ummi ba ta son haɗa ido da mutane, a asibiti bakinta ɗinkewa yake. A nan sai aka ƙyale ta ta kashe kyamara ta riƙa rubutawa. A zama na uku ta rubuta cewa cajar waya da ke jikin bango tana wani siririn kuka, kuma ƙyallen da ke wuyan rigar barcinta yana sukar ta kamar ƙaya. Ni ban taɓa jin kukan caja ba. Shekara nawa muna gida ɗaya, ban sani ba.

Baban Khalifa, Kano: Hajiya ni dai ba zan zuga ki ba. Zama uku na biya na haƙura. Rabin lokacin "kana ji na?" muke yi da mutumin. Kuma shawararsa ɗaki mai sanyi, shiru, duhu, yaro shi kaɗai. A Kano, a watan Afrilu, babu wuta, janaretan maƙwabci na ruri, yara huɗu ɗaki ɗaya? Abin da na tsinta guda biyu ne. Mun mayar da asuba lokacin tashinsa, ba komawa, sannan ya zauna tsakar gida ya sha hasken safiya. Muka kuma yanke shayi daga la'asar, don yaron kofi uku yake sha a wurin mai shayin layinmu. Ya yi sauƙi sosai, sai azumi ya zo ya wargaza komai, muka sake daga farko bayan sallah.

Anti Nas, Zariya: Ƙanina ne a wurina, ba ya magana sosai. Wata takwas muna fama, ashe cushewar ciki ce ke hana shi kwanciya, ba zai iya faɗa ba sai dukan katifa. Wannan likitan waya ba zai taɓa cikin ya ji ba. Ki fara kai Sadiq a duba shi ido da ido: bayan gida, ƙwannafi, ƙarancin jini, minshari mai yanke numfashi, da farfaɗiya, don tana yawan zuwa tare da galahanga. Kuma don girman Allah a daina ɗirka wa yara maganin mura don su yi barci.

Maman Sadiq: Anti to maganin barcin nan melatonin fa? Wata ta ce za ta taho min da shi daga Amurka.

Anti Nas: Can a kanti ake sayar da shi, shi ya sa ake ɗauka alewa ce. A Ingila sai da takardar likita. Tun 2018 Turai ta amince da wani nau'insa, Slenyto, don yara masu galahanga daga shekara 2 zuwa 18, to yana aiki ga wasu. Amma awo da lokacin sha likita ne zai tsara, ba 'yar tsaraba ba.

Maman Ummi: Kada ma a ruɗe ki da bargo mai nauyi. An gwada shi a Ingila, sakamakon ya fito a 2014, bai ƙara wa yaran barci ba, sun dai so shi. Namu yana ƙasan akwati.

Yaya Abba, Abuja: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni ke da lalurar, shekarata 19. Dare ne kaɗai lokacin da gida ke yin shiru, babu mai kira na, babu ƙarar tukwane. Da Umma ta ƙwace wayata ƙarfe 9 sai abin ya ƙaru, don karatu ɗaya nake saurare kullum har in yi barci. Daga baya muka shirya, aka kifa fuskar wayar aka bar min sautin. Ku tambayi Sadiq me yake yi da daren nasa.

Maman Sadiq: Abba Allah ya yi maka albarka, wallahi ban taɓa tambayarsa ba. Na samo littafin rubutu na ja layi, daren yau zan fara cikewa, ranar Litinin kuma asibiti. Maman Ummi, barcin rana shi ma ana rubutawa? Don yakan ɓingire bayan azahar.