Bears ko Packers, wa ya fi manyan 'yan wasa?

Jiya mun daɗe muna musu kan Chicago Bears da Green Bay Packers, tsoffin abokan hamayya a ƙwallon Amurka tun 1921, wai wa ya fi yawan gwanaye a zauren karramawa na Canton da ke jihar Ohio. Ga abin da na tsinta.

Shawarar da kowa ya yarda da ita, kar ka tsaya kan ƙidaya kawai. Bears sun fi yawan mutane a zauren, to amma Packers kofin zakarun NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, 13 gare su, Bears 9, ka ga lissafi ya juye kenan. Nan ne maganar Dick Butkus da Gale Sayers ta taso, kuma wallahi ta taɓa ni, duka biyun Bears ta ɗauke su a 1965, duka suna Canton, amma ko wasa ɗaya na zagayen fidda zakara na ƙarshen kaka ba su taɓa bugawa ba har suka yi ritaya, Sayers ma wasa 68 kacal ya buga saboda ciwon gwiwa.

Wani ya ce a duba inda mutum ya yi ƙarfinsa kafin a ce naku ne. Reggie White kaka 8 ya yi a Philadelphia Eagles, 6 a Packers, to na wa ne?

Sai kuma a ware koci da masu kulob irin su George Halas na Bears da Vince Lombardi na Packers gefe. Kuma a tuna sai ɗan wasa ya shekara 5 da ritaya yake shiga zauren, na baya-bayan nan suna layi tukuna.