Masu walda da hayaƙin manganis ya taɓa, wane magani ya yi muku aiki?

Abu Khalil: Salam jama'a. Babanmu tun yana saurayi yake walda, yanzu tafiyarsa ta canza, a kan yatsu yake takawa kamar zakara, in zai juya sai ya tafi da baya ya faɗi. Likita ya ce manganis, wani ƙarfe da ke cikin hayaƙin walda, ne ya taru a ƙwaƙwalwa. An ɗora shi kan levodopa, maganin ciwon karkarwar jiki da ake ce wa Parkinson, amma har yanzu shiru. Wa ya taɓa ganin irin haka?

Sani Mai Walda: Allah ya ba Baba lafiya. Ni ma haka aka fara min, sai daga baya likitan jijiyoyi ya ce min ciwon yana kama da Parkinson ne kawai amma ba wuri ɗaya suke lalatawa a ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa levodopa ba ta cika kamawa ba. An kwantar da ni aka sa min EDTA, maganin da ke fitar da ƙarfe daga jiki, a ruwa ta jijiya, kullum ana auna ƙoda don maganin yana wahalar da ita. Manganis ya fita a fitsari sosai, gwaji ya nuna, amma wallahi ƙafar nan sai a hankali, abin da ya ragu shi ne saurin fushi da rashin barci, iyalina ma sun shaida.

Maman Ilham: Maigidana a cikin tankunan mai yake walda, ba iska ba komai, ya fito ya sha gwangwanin madara wai ta wanke ƙirji. Madara ba ta wanke komai ba. An gano yana da ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfen da jini ke buƙata, likita ta ce hakan na sa jiki ya ƙara zuƙar manganis, sai da aka gyara wannan tukun. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI ne ya nuna taruwar manganis ɗin, gwajin manganis a jini bai nuna wani abin kirki ba.

Abu Khalil: Yaya Sani, PAS fa? Na ji ana maganarsa.

Sani Mai Walda: Tsohon maganin tibi ne, a China aka gwada shi kan ma'aikata kuma wasu sun samu sauƙi, amma mutanen ba su da yawa, kuma mu nan samunsa ma aiki ne. Ka tambayi likitan Baba, kar ku saya a kemis. Tukuna ma, ya daina zuwa shagon?

Abu Khalil: Ina fa, kullum yana can wai duba yara yake.

Maman Ilham: To ku fara da wannan, ko makulli ne ku ɓoye.